Wabi ba daga uwa kaɗai yake ba: gado da cututtukan ido da na numfashi a jarirai

A Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mace ta yi haihuwa biyu ko uku 'ya'yan suna komawa tun ba a yi suna ba, ko kafin a fita arba'in, sai a ce wabi take yi. Wanda ya zo bayansu a laƙaba masa Ajuji ko Ayashe, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. In kuwa jaririn ya zo da tawayar da kowa ke gani, ido ɗaya ƙarami, ko idanun a rufe ruf, ko numfashi sama-sama, to kafin mai jego ta gama wankan farko wata daga dangin miji ta riga ta yanke hukunci: "Mu dai gidanmu ba mu san wanga abu ba." Ba ta kama sunan kowa ba, amma kowa ya san inda ta dosa. Can gaba maigida ya ƙaro aure, amarya ta jero 'ya'ya lafiyayyu, shi ke nan magana ta zauna, jinin uwargida ne ba shi da kyau.

Abin da masana gado suka gano daga shekarun 1980 zuwa yau ya rushe wannan hukunci. Amma kafin mu shiga, a cire abu ɗaya daga hanya: mafi yawan jariran da numfashi ke yi wa wuya a asibitocinmu ba gado ne ya kawo su ba. Bakwaini ne da huhunsa bai nuna ba, ko wanda ya galabaita a doguwar naƙuda, ko ya shaƙi kashinsa na farko, ko ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa ta cibiya. Haka ido. Kwantsa da kumburi a makon farko galibi ƙwayoyin cuta ne suka kama shi, wani lokaci ciwon sanyi ne ya ɗauka a hanyar fitowa. Rubela, 'yar'uwar ƙyanda, idan ta kama mace a farkon ciki tana sa a haifi yaro da yanar ido da kurumta da ciwon zuciya. Wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, shi ya fara gano alaƙarta da yanar ido a 1941, kuma allurar rigakafi na hana ta. Waɗannan su ne masu yawa. Na gado 'yan kaɗan ne, sai dai su ne suke maimaita kansu a ɗaki ɗaya, su ne kuma suke raba aure.

Mutumin Sakkwato ya san yadda littattafai suka iso mana kafin zuwan injin ɗab'i: magatakarda ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe, wani ya kwafa daga nasa. Wani lokaci ɗigo ɗaya ya faɗi ko harafi ya sauya, duk wanda ya kwafa daga wannan kwafin ya ɗauki kuskuren ya wuce da shi. Jikin ɗan'adam da irin wannan rubutu ake gina shi. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da kuromosom 46, wato tagwaye 23, rabi daga uba rabi daga uwa, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000, kowacce umarni ce ta yadda za a gina jiki. Kusan kowane umarni kwafi biyu ne. Idan na wajen uba ya zo da kuskure, jiki ya karanta na wajen uwa, mutum ya rayu lafiya lau bai ma san yana ɗauke da komai ba. Babu wanda ba ya ɗauke da irin wannan ɓoyayyen kuskure, ni da kai duka. Matsala tana tasowa ne ranar da kwafi biyun suka zo da kuskure a wuri ɗaya.

Ga lissafin. Idan miji da mata duka suna ɗauke da kuskure a ƙwayar gado ɗaya, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da cutar, kashi 50 na zuwa lafiya amma ɗauke da ita, kashi 25 na kuɓuta baki ɗaya. Irin lissafin sikila ne da muka saba ji, AS da AS. Nan mutane ke kuskure, su ɗauka in an yi ɗaya mai ciwo to uku na gaba sun tsira. A'a, kowane ciki da nasa rabon, kamar ba a taɓa yin na baya ba, shi ya sa wata za ta yi uku a jere duk da cutar, wata ta yi takwas ba ko ɗaya. To amarya fa? Maigida bai canza ba, kuskurensa na nan daram a jininsa, har yana raba wa rabin 'ya'yan amaryar. Ita ce dai ba ta ɗauke da irinsa. Da uwargidan ce ta fita ta auri wani, ita ma da ta jero lafiyayyu.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda an haife shi baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo launin? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Aka ce masa to ɗanka ma wataƙila haka ne. Ba a bar shi ya ɗora wa matarsa laifi ba.

Tambayar da ta fi ɗaure kai ita ce, me ya haɗa ido da huhu? Ɗaya a ka, ɗaya a ƙirji. Amsar tana cikin makonnin farko na ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. Wajen kwana 22 da shigar ciki ido ke fara tsirowa daga abin da zai zama ƙwaƙwalwa. Cikin mako na 4 huhu ya ɓullo daga bututun da zai zama maƙoshi da hanji. Duka biyun, tare da zuciya da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, suna jiran saƙo iri ɗaya kafin su ci gaba, kuma daga sinadarin bitamin A ake haɗa saƙon. A 2007 aka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna STRA6, a kan kuromosom na 15, ita ke ƙera ƙofar da bitamin A ke bi ya shiga ƙwayoyin halitta. A shekarar ce kuma aka samu kuskure a cikinta a wasu iyalai da iyayen 'yan'uwa ne, waɗanda ake haifa musu jarirai babu ƙwayar ido ko da 'yar mitsitsiya, huhu bai girma ba, tantanin ƙirji a huje har hanji ya hau sama ya matse huhun, zuciya ma da tawaya. Likitoci na kiran wannan haɗin Matthew-Wood. Yawancin jariran ba sa daɗewa. Uwa na iya cin karas da manja da zogale iya cinta, jininta cike da bitamin A, amma ƙofar ɗan tayin a rufe take. Ba yunwa ba ce, ba sakaci ba ne. Kada kuma wata ta ji wannan ta shiga haɗiyar ƙwayoyin bitamin A da kanta, domin yawansa a farkon ciki shi ma yana nakasa ɗan tayi. Maganin ƙurajen fuska mai suna isotretinoin, wanda daga danginsa yake, an haramta shi ga mai ciki saboda haka.

Akwai wata mai kama da ita da George Fraser ya bayyana a 1962, inda fata ke sauka daga goshi ta rufe ido ba tare da fatar ido ta rabu ba, yatsu a manne, maƙogwaro a tsuke ko a toshe, wani lokaci babu ƙoda. Ita ma sai iyaye biyu sun haɗu a kanta.

Wadda ta fi kama da abin da muke kira wabi kuwa ba ta taɓa ido sam. A cikin huhu akwai miliyoyin 'yan jakunkunan iska, kuma da ba don wani ruwa mai santsi da ke shafe cikinsu ba, da duk fitar numfashi sai sun manne. Sunansa safaktan. Huhu na fara yin sa wajen mako na 24, ya wadata wajen mako na 34 zuwa 35, shi ya sa bakwaini ke wahala har a sa shi a kwalba. Amma akwai jaririn da ya cika wata tara cif, ya fito ɓul-ɓul, ya yi kuka, cikin sa'o'i kaɗan ya fara nishi, haƙarƙari na lotsawa, leɓe ya yi shuɗi. A ba shi oksijin, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba sauƙi. Ko an zuba masa safaktan na kwalba sai ya ɗan farfaɗo ya koma, domin jikinsa ba zai taɓa yin nasa mai kyau ba. A 1993 aka gano kuskure a ƙwayar gado mai suna SFTPB a irin waɗannan jarirai, a 2004 aka gano na wata mai suna ABCA3. Masu tsananin ba su da magani sai dashen huhu. A katin asibiti sau da yawa abin da za a rubuta shi ne nimoniya ko ciwon jini, tunda alamun iri ɗaya ne. Sai an yi biyu ko uku a ɗaki ɗaya sannan likita mai lura zai fara tambayar dangantakar miji da mata.

Wani rukunin kuma ya shafi wasu 'yan gasu da ido ba ya gani. Hanyar numfashi tun daga hanci har huhu shimfiɗe take da su, suna kaɗawa dare da rana suna turo majina da ƙura waje. Idan an gaji kuskure a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado fiye da 50 da ke gina su, sai su tsaya cik. Yaron tun yana jariri hancinsa ba ya bushewa, tarinsa mai majina ne rani da damina, kunne na ruwa, a yi ta zargin tarin fuka ko asma. Kusan rabinsu kayan cikinsu a juye suke, zuciya a dama, hanta a hagu. Manes Kartagener ya bayyana wannan haɗin a Zurich a 1933. Waɗannan suna girma su yi aure, in ana bubbuga musu ƙirji ana fitar da majinar, ana kuma tarar ciwo da wuri. Abin mamaki, ƙwayoyin da ke karɓar haske a bayan ido ma da irin wannan gashi aka gina su, wasu sassan ƙwaƙwalwa da ƙoda ma haka. Daga nan cutar Joubert ta fito, wadda Marie Joubert ta bayyana a Montreal ta Kanada a 1969 bayan ta ga 'ya'ya huɗu na gida ɗaya: jariri ya yi ta haki da sauri, sai ya ɗauke numfashi, sai ya dawo, idanunsa na rawa ba sa tsayawa kan fuskar uwa. A ƙauye wannan sunansa iska, kuma hayaƙin turare ba abin da yake ƙara wa mai wahalar numfashi sai wahala.

Ba duka ne ake gada ba, ko da a ƙwayar gado matsalar take. Wani kuskuren sabo ne fil, ya faru a ƙwan uwa ɗaya ko maniyyin uba ɗaya, babu shi a jinin kowannensu. Cutar CHARGE mafi yawa haka take. A 2004 masu bincike a Holan suka danganta ta da ƙwayar gado mai suna CHD7, kuma ana ƙiyasta jariri 1 cikin wajen 10,000. Ido yana zuwa da tsaga kamar ramin makulli, kunnuwa da wata siffa, zuciya da tawaya, bayan hanci a toshe. Toshewar hancin nan tana da alamar da duk ungozoma ya kamata ta sani. Sabon jariri da hanci yake numfashi. In hancin a toshe yake ta ɓangare biyu, yana kama nono sai ya shaƙe ya yi shuɗi, ya saki, ya tsala kuka, da kukan ya buɗe baki sai launinsa ya dawo. A mayar da shi nono, a koma gidan jiya. Ma'aikaciyar jinya za ta zura siririn bututu ta hancin, ta ji ya cije bai wuce ba. Iyayen irin wannan yaro, yiwuwar su sake haifar wani mai ita bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, to ka ga banbancinsa da kashi 25.

Kowane jariri na zuwa da sababbin sauye-sauye wajen 60 a rubutun gadonsa, akasarinsu ba sa cutarwa. Wani bincike a Aisland a 2012 ya nuna mafi yawansu daga wajen uba suke, kuma duk shekarar da uba ya ƙara ana samun ƙarin wajen guda 2. Ban kawo wannan don a hana dattijo aure ba, amma a garin da ake yawan ƙirga shekarun mace ana mantawa da na namiji, ya kamata a ji shi. Gaskiya kuma akwai 'yan cututtukan da ta wajen uwa suke bi, waɗanda ke kan kuromosom X, kamar Norrie mai makantar da yara maza tun haihuwa. Ko a nan ita ma gada ta yi, yadda ta gaji tsawonta.

Sai maganar da kowa ke jira, auren zumunci. Tuwona maina, a Sakkwato ba abin kunya ba ne, addini ya halatta, kuma ya riƙe gidaje da yawa. 'Ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonsu, don haka ɓoyayyen kuskuren kaka ɗaya ya fi samun hanyar haɗuwa a jikoki. Binciken da aka yi a birnin Bradford na Ingila kan jarirai fiye da 11,000, wanda ya fito a 2013, ya samu cewa haihuwa da tawaya ta tashi daga wajen kashi 3 zuwa kashi 6 cikin 100 a tsakanin ma'auratan da 'ya'yan wa da ƙani ne. Ninki biyu ke nan, amma a juya lissafin: 94 cikin 100 lafiya suka zo. Ni a ganina masu cewa a daina auren zumunci kwata-kwata sun wuce gona da iri, kuma ba wanda zai saurare su. Inda ya kamata a tsaya a yi tunani shi ne gidan da aka riga aka ga abu ya maimaitu, da gidan da aka yi ta auren gida bisa auren gida, kaka da kakanni. A irin wannan gida, nemo miji ko mata daga nesa shi ne rigakafi mafi arha. A kuma san cewa gwajin jinin da ake yi kafin aure, wanda Kano ta mayar da shi doka a 2024, a ɓangaren gado sikila kawai yake dubawa. AA da AA ba shaidar kuɓuta daga sauran ba ce.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ido, domin da yawansu ana ceto su in an zo da wuri. A layin asibitin ido na yara za ka ga jariri ɗan wata huɗu, idanu dara-dara gwanin sha'awa, amma baƙin idon ya yi hazo, hawaye na zuba ba kuka, da an fito da shi hasken tsakar gida sai ya cusa fuska a ƙirjin uwarsa. Likita ya tambayi kakar da ta rako su: "Inna, tun yaushe kunka lura?" Ta ce: "Likita, tun randa anka haihe shi shina hawaye. Mu dai mun ce idanun kakanai ya ɗauko." An ɗiga masa nono, an sa kwalli, wata huɗu sun tafi. Hawan jinin ido ne na jarirai: magudanar ruwan cikin ido ba ta buɗe ba, ruwan ya taru, idon jariri kuwa mai laushi ne sai ya kumbura, jijiyar gani tana mutuwa a hankali. A 1997 aka gano CYP1B1, babbar ƙwayar gadon da ke jawo shi. A ƙasashen Turai ana ƙiyasta 1 cikin 10,000, a Saudiyya inda auren dangi ya yawaita kuwa wajen 1 cikin 2,500. Maganinsa tiyata ce ta buɗe magudanar, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa.

Sai farin ɗigo a tsakiyar baƙin ido, mai ƙyalli da dare kamar idon kyanwa, wanda sau da yawa a hoton waya mai filasha ake fara ganinsa, ido ɗaya ja ɗaya fari. Ko dai yanar ido ce, wadda ake so a cire cikin makonni 6 zuwa 10 na farko kafin ƙwaƙwalwa ta saba da rashin gani, ko kuma sankarar bayan ido. Alfred Knudson ya yi bayanin yadda wannan sankara ke faruwa a 1971, aka ware ƙwayar gadonta RB1 a kan kuromosom na 13 a 1986. Tana kama yaro 1 cikin 15,000 zuwa 20,000, wajen kashi 40 cikin 100 irin wadda ake iya gadarwa ce, kuma ita kwafi ɗaya mai kuskure ya isa, daga uba ko daga uwa. Wani bincike na duniya da ya fito a 2022 ya nuna yara 99 cikin 100 masu ita na rayuwa a ƙasashe masu arziki, a matalauta kuwa wajen 57. Ba cutar ce ta bambanta ba, lokacin zuwa asibiti ne. Da yawa iyaye na jin za a cire ido sai su ɗauke yaro su koma gida, su dawo bayan ƙari ya fito waje. Duk gidan da aka samu ɗaya, a kai ƙannensa a duba su tun suna jarirai.

Gwajin da ke karanta ƙwayoyin gado dubbai a lokaci ɗaya yana nan, amma da tsada, galibi kuma sai an tura jinin nesa. Maganin gyara ƙwayar gado ma an fara. Amurka ta amince da wani mai suna Luxturna a 2017 don wata makanta ta gado, aka fara sayar da shi a kan dala 850,000. Wannan ba namu ba ne tukuna. Namu shi ne takarda da biro: a zauna da tsofaffin gida a rubuta zuriya uku, wa ya auri wa, mece ce dangantakarsu, ɓari nawa aka yi, yara nawa suka rasu, da kwana nawa, da wace alama, maza ne ko mata. A haɗa da katunan asibiti da hotunan yaran. Likitan yara ko na ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru zai iya karanta salon gadon daga wannan takarda, in abin ya fi ƙarfin nan a tura Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Miji ya je da kansa, kada a tura mace ita kaɗai da kaka, tunda rabin tambayoyin nasa ne.

Ciki na gaba kuma a fara awo da wuri, a yi hoton ciki tsakanin mako na 18 da na 22, lokacin da ake iya hango hujin tantanin ƙirji, tawayar zuciya da rashin ƙoda. A haihu a asibitin da ke da sashen jarirai da oksijin, a kuma roƙi a haska idon jaririn kafin sallama. Mai toshewar hanci, ɗan bututun roba da za a sa masa a baki a mintunan farko shi ke riƙe numfashinsa har ranar da za a yi masa aiki.